Yadda na ƙwato kayan aikina daga otal ɗin da ya faɗa hannun risiba

A sana'armu ta ɗaura dish, in aka ce risiba abu ɗaya kowa yake nufi: ɗan akwatin nan da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, wanda wasu ke ce wa dikoda. Masu gida suna ɗora mata laifin komai. Hadari ya taso hoto ya tsinke, sai a ce risiba ce. Yaro ya ja waya, a ce risiba ce. Alhali kuwa ita ce ta ƙarshe a jerin masu aikin. Tauraron ɗan Adam da ke aiko da hoton yana can sama, nisan kilomita 35,786, yana zagayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa kwanon da aka saita ba ya bukatar a sake motsa shi. Kwano ya tattara sigina ya haska ta a bakin LNB, ɗan abin nan da ake kafawa a gaban kwanon. Siginar da ake kira Ku tana saukowa ne tsakanin megahaz 10,700 da 12,750, kuma wayar da muke ja ba za ta iya ɗaukarta ta yi nisa da ita ba. Don haka LNB take rage mata 9,750 ko 10,600. Wadda ta zo a 11,000 sai ta koma 1,250, ta bi waya ta gangara ɗaki. Risiba ce ke ciyar da LNB da wuta ta wannan wayar ɗaya, bolt 13 ko 18, gwargwadon ɓangaren siginar da take so, sannan ta warware abin da ya iso ta mayar da shi hoto da murya.

Wannan shi ne ilmin da nake ci da shi, kuma da shi na samu aikin wani otal a nan Kano, wanda ba zan kama sunansa ba. Da ma kowane ɗaki da dikodarsa, baƙi suna dagula saiti, rimot yana ɓacewa, wayoyi sun yi saƙa a jikin bango. Na ba su shawarar a tara komai a ɗaki ɗaya. Muka ɗaura kwanuka a saman bene: ɗaya yana kallon tauraron Eutelsat na digiri 16 gabas, inda tashoshin Hausa da dama suke, ɗaya Nilesat a digiri 7 yamma, ɗaya Arabsat a 26 gabas saboda baƙin da ba sa kwana sai sun ga Harami, ɗaya kuma digiri 36 gabas domin ƙwallo. Daga Kano tauraron digiri 16 kusan a tsakiyar ka yake, tsayinsa ya haura digiri 70, shi ya sa za ka ga kwanonsa ya kishingiɗa baya. Na 36 kuwa wajen digiri 55 ne. A ɗakin sarrafawa muka jera risibobi a kanta, kowace an kafe ta a tasha ɗaya. Kowace risiba tana miƙa wa modileta, modileta ta ɗora tashar a kan lamba ɗaya ta UHF, tsakanin 21 da 69, a haɗe su duka, a ƙara musu ƙarfi da busta, a rarraba ɗakuna. Baƙo ya kunna talabijin kawai, ya canza lamba.

An ba ni kafin alƙalami, rabin kuɗi, sauran sai an gama. Aka gama, aka gwada ɗaki-ɗaki, manaja ya sa hannu a takardar karɓar aiki. Da yake akwai sabon ɓangare da suke shirin buɗewa, ya ce in kawo kayan zango na biyu ya gani kafin mu yi ciniki. Na ɗauko katan-katan na sababbin risibobi daga wurin dilana a Sabon Gari, shi ma bashi ya ba ni, na ajiye a siton otal tare da mitar neman sigina, da dogon tsani, da injin huda bango, da naɗin waya. Mai kula da sito ya shigar da su a littafinsa, ya buga hatimi a takardata, ya rubuta da hannunsa cewa kayan ajiya ne, ba a saya ba tukuna.

Cikon kuɗina kuma ya zama "ka dawo ƙarshen wata." Ma'aikata ma na ji suna ƙorafin albashi.

Wata safiya na je na tarar da ƙofa a rufe, motar 'yan sanda a gefe, da wasu masu gadi da ban sani ba. An manna takardu a jikin get, da hatimin Babbar Kotun Tarayya. Tsohon maigadin, wanda muka saba, yana zaune a waje a kan benci, rediyonsa a kunne. Na gaishe shi.

"Baba, lafiya kuwa?"

"Injiniya, ina fa lafiya. Risiba ne ya zo. Tun jiya ya karɓi makullai, har ofishin Alhaji."

Na ji ya ce "risiba ne", bai ce "risiba ce" ba, a nan na gane mutum yake nufi. Na roƙi masu gadin su bar ni in ɗauki tsanina da mitata kawai, domin ina da aiki a wani gida a ranar. Babbansu ya yi mini magana cikin mutunci, ya ce ko tsintsiya ba ta fita sai da takardar risiba. Na ɗauki hoton takardun da waya na tafi wurin wani lauya, yayan abokina.

Barista ya karanta a natse, sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma zan faɗe shi yadda na fahimta domin na san akwai masu sana'ar hannu da yawa da ba su taɓa jin wannan ba. Idan kamfani zai ci babban bashi a banki, yakan sa hannu a takardar jingina da ake kira dibenca. Jinginar iri biyu ce. Akwai wadda ta kafe a kan sanannen abu, kamar fili da gini da manyan injuna. Wannan kamfani ba ya iya sayarwa sai da yardar banki. Akwai kuma mai shawagi, wadda ta lulluɓe duk sauran dukiyar kamfani mai shiga da fita, kayan sito, kujeru, kuɗin da yake bin mutane. Muddin ana biya, kamfani yana juya waɗannan yadda ya so. Ranar da aka kasa biya aka naɗa risiba, sai mai shawagin nan ta sauka ta danne duk abin da ta tarar na kamfani. Risiba shi ne mutumin da banki, bisa ikon da takardar ta ba shi, ko kuma kotu, ta naɗa ya karɓi wannan dukiya, ya tattara, ya sayar in ta kama, ya biya bashin. In an haɗa masa da manaja, to har gudanar da kasuwancin zai yi, ikon daraktoci a kan kadarorin ya tsaya.

Ya ce ba kowa ake naɗawa ba. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta ce sai wanda ya yi karatun lauya ko akanta ko makamancinsu, ya yi aƙalla shekara 5 yana irin wannan aiki, kuma Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta ba shi izini. Dole a sanar da hukumar naɗin cikin kwana 14, kuma daga ranar duk rasit da wasiƙar da za ta fita da sunan kamfanin sai ta nuna cewa yana hannun risiba. Ya tuna mini cewa abin ba sabo ba ne, kunnena ne bai tsaya a kansa ba: AMCON, hukumar da aka kafa a 2010 don sayen basussukan da suka maƙale wa bankuna, ta karɓe kamfanin jiragen Arik a watan Fabrairun 2017 ta naɗa masa risiba manaja, haka kuma aka yi wa kamfanin rarraba lantarki na Ibadan a 2022. Na ji labaran a rediyo a lokacinsu, amma da Hausa cewa ake yi gwamnati ta ƙwace, ko banki ya karɓe.

"To Barista, kuɗina fa?"

"Malam, raba maganarka gida uku. Kayan aikinka daban, katan-katan ɗin sito daban, cikon kuɗinka daban. Biyun farko ina da ƙarfin gwiwa a kansu. Na ukun zan gaya maka gaskiya ko ba daɗi."

Gaskiyar ita ce risiba ba don ni aka naɗa shi ba. Abin da aka samu daga gini da fili na banki ne, bayan an cire kuɗin aikin sayarwa. Abin da aka samu daga dukiyar da jingina mai shawagi ta danne, sai an fara fitar da waɗanda doka ta fifita, irin su haraji da albashin ma'aikata da kuɗin fanshonsu, sannan banki. Mu da muka ba da kaya ko muka yi aiki bisa amana, ba jingina a hannunmu, mu ne a ƙarshe. Kamar layin jarkoki ne a bakin famfo: na gaba ya cika tasa, in ruwa ya ɗauke kafin a zo kanka, ka koma da taka yadda ka kawo ta.

Nan na yi masa gardama, kuma har yau ina ganin gardamata tana da tushe. Na ce risibobin da ke ɗakin sarrafawa ai suna nan da ainihinsu, na san lambar kowace, rabin kuɗinsu ba a biya ba. Me zai hana in kwance na rabin in tafi da su? Abin da muka taso muna ji a zaure ke nan a babin wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa. Hadisi ne na Abu Huraira, yana cikin Buhari da Muslim, ma'anarsa wanda ya tarar da kayansa da ainihinsu a hannun mutumin da ya karye, shi ya fi kowa cancanta da su. Malikiyya sun yi aiki da shi in mai cin bashin yana raye; in ya mutu ne suka ce mai kaya ya shiga sahun sauran masu bin bashi. Barista ya ce ya san babin sarai, amma otal ɗin kamfani ne mai rajista, kuma tsarin mulkin 1999 ya sa sha'anin kamfanoni a hannun Babbar Kotun Tarayya, da dokar kamfanoni za a yi hukunci. A can kuwa, in ka miƙa kaya ka girka su mai saye ya karɓa, yawanci mallaka ta koma gare shi ko bai gama biya ba, sai fa in an rubuta tun farko cewa kaya naka ne har sai an cika kuɗi. Ya ƙara da cewa tun 2017 akwai dokar da ta ba mutum damar yin rajistar haƙƙinsa a kan kayan da ake iya ɗauka, a rumbun rajistar jingina da ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. Ban taɓa jin mai dish ko mai wayarin ko kafinta ɗaya da ya san da wannan ba, kuma mu ne muka fi kowa ba da kaya bashi. A ganina hukuncin fiƙihu ya fi tausayin ƙaramin ɗan kasuwa a wannan gaɓa, domin bai ɗora masa sharaɗin sanin wata jimla da lauyoyi kaɗai suka sani ba.

Muka shiga tara takardu. Rasit ɗin mita da na injin huda bango suna nan a jakata. Tsani kuwa maƙeri ne ya haɗa mini, ba rasit, sai na nemo tsofaffin hotunan da aka ɗauke ni a kansa a wasu gidaje, da alamar fentin da nake shafa wa kayana. Dilana na Sabon Gari ya rubuto takarda da lambobin risibobin da ya ba ni, ɗaya bayan ɗaya. Na je kotu na yi takardar rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa cewa kayan nawa ne. Barista ya rubuta wasiƙu biyu daban, ɗaya ta neman a saki kaya, ɗaya ta shigar da bashi tare da kwafin takardar farashi da ta karɓar aiki, ya ce kada a cakuɗa su domin kada jinkirin ɗaya ya riƙe ɗaya. Ya gargaɗe ni kada in miƙa ainihin kowace takarda, kwafi kawai, kuma a buga mini hatimin karɓa da kwanan wata a nawa kwafin.

An ɗan ja lokaci kafin a kira ni. Risiban akanta ne, dattijo mai furfura, yana zaune a ofishin da manaja yake da. Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi mini alkawarin komai ba. Ya ce ba zai saki abu ba sai an kammala ƙidayar duk kayan da ke cikin ginin, domin in ya saki abin da na kamfani ne, shi za a tambaya. Sai ya juyo da wata doguwar takarda ya ce akwai abin da ya tsayar da yaransa.

"Injiniya, tsohon littafin kadarorin otal ɗin nan ya rubuta risiba a wuri daban-daban, farashinsu kuma ba ya kama da juna. Wata 'yan dubbai, wata ta fi kuɗin babur. Yarana sun ƙirga na ɗakinka lissafi bai fita ba. Za ka zaga da su?"

"Ranka ya daɗe, zan zaga. Amma abin da ba fannina ba, a kira mai shi."

Aka kira mai gyaran sanyi na otal ɗin, wanda shi ma yana bin nasa kuɗin, muka kama zagaye da magatakarda biyu.

Na farko mai sauƙi ne, nawa na ɗakin sarrafawa. Na nuna musu inda lamba take a ƙarƙashin kowace, na raba musu risiba da modileta, domin duk baƙaƙen akwatuna ne a idon wanda bai sani ba, kuma sun ƙirga su a haɗe, abin da ya ɓata lissafin ke nan. Daga nan muka shiga babban ɗakin taro. A can cikin kabad ɗin kayan sauti akwai wasu akwatuna masu eriya biyu-biyu: risibobin makirfo marar waya. Makirfon da ke hannun mai jawabi shi ne mai aikawa, akwatin ya kama ya miƙa wa amfilifaya. Na ce su rubuta kowace tare da makirfonta, domin in aka raba su wajen gwanjo, an kashe darajar duka biyun. Ba kowace makirfo ce ke magana da kowace risiba ba.

Layi na uku ya fi ba mu wahala, domin adadinsa ya yi yawa kuma kuɗinsa kaɗan. Sai da muka buɗe wani kwali a sito muka gane: kawunan wayar tarho ne na ɗakuna, irin wanda ake ɗagawa a kara a kunne, an sayo su ajiya saboda baƙi suna yawan yar da su. A ƙa'ida ɓangaren kunne ne risiba, na baki kuma mai aikawa, amma 'yan kasuwa sun saba kiran kan gaba ɗaya da sunan.

Sauran biyun na mai sanyi ne, kuma na ƙaru da shi ƙwarai. Ya kai mu bayan ɗakin sanyi na kicin ya dafa wata tukunyar ƙarfe da ke tsaye kusa da kwamfuresa. Ya ce gas ɗin sanyi in ya fito daga kwamfuresa da zafi, ya bi ta kondensa ya huce ya zama ruwa, a wannan tukunya yake taruwa kafin ya wuce bawul ɗin da ke fesa shi cikin ɗakin. Amfaninta shi ne kullum ruwa zalla ya isa bawul, kuma in za a yi gyara a nan ake tattare gas ɗin a kulle, ba sai an zubar ba. Ya ce ƙaramarta tana cikin iyakwandishan ɗin motoci da yawa, a can har da sinadarin tsotse laima a cikinta, masu gyara suna ce mata diraya. Ɗaya magatakardan ya so ya rubuta ta a matsayin abu mai zaman kansa. Mai sanyi ya ce a'a, in aka kwance ta an kashe ɗakin sanyi, da injin za a haɗa ta. Ta ƙarshe tana ɗakin wanki: tankin iska na kwamfuresar da ke tura injin guga. Irinsa ne a wurin kowane mai faci a bakin titi, tankin da ke tara iska domin kada inji ya yi ta tashi yana mutuwa. Ya buɗe ɗan famfon da ke ƙasansa, ruwa mai tsatsa ya tsiyayo. Ya ce tun da aka rufe ba wanda ya zubar, kuma tankin iska da tsatsa ta ci daga ciki fashewa yake yi. Ya sa suka rubuta a gefe cewa yana bukatar dubawa kafin a sake kunna shi.

Da muka koma ofis, dattijon ya bi takardar layi-layi yana gyarawa da jan biro. A nan ne na nuna masa littafin sito, shafin da aka rubuta kayana ajiya ne, da hatimin da ya yi daidai da na takardata. Ya sa aka buɗe katan-katan ɗin aka gwada lambobinsu da na takardar dila. Duk suka dace. Ya ce zai rubuta wa lauyansa, in ji daga gare su.

A tsakanin nan ne wani daga cikin tsofaffin ma'aikatan ya same ni a shago. Na san halin da yake ciki, wata da watanni ba albashi, ga iyali.

"Injiniya, kai fa wahala kawai kake yi. Ƙofar baya ta kicin akwai mai makullinta. Ka kawo mota da daddare a fito maka da naka, har da na kantar nan da ba a biya ka ba. Akwai talabijin ma in kana so, mu raba."

Ban ji haushinsa ba, domin yunwa ce ta kawo shi. Na ce ya bari in yi shawara, na kira Barista a gabansa na sa a sifika. Barista bai yi dogon zance ba. Ya ce duk abin da ke cikin ginin yana ƙarƙashin umarnin kotu, fitar da shi ta baya raina kotu ne kuma sata ce, wanda ya karɓa kuwa dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Final Kod, tana da sashe na 317 a kansa, na karɓar kayan sata da sani, hukuncinsa yana iya kai wa shekara 14. Ya ce a bakin lauyoyi da 'yan sanda mai wannan laifin ma risiba ake ce masa, kuma sau da yawa shi ake fara kamawa domin a hannunsa ake samun kaya. Sannan ya juya kan mutumin, ya ce masa shi fa matsayinsa ya fi nawa a layi, albashi yana cikin abin da doka ta fifita, su haɗu su rubuta sunayensu da watannin da suke bi su kai a hukumance. Ya ce su zo ya tsara musu takardar ba tare da sun biya ba. Suka zo kuwa.

Bayan wani lokaci takardar saki ta fito. Na je da a-kori-kura, aka fito da tsani da mita da injin huda bango da waya da katan-katan ɗin, ana kiran lamba ina amsawa, na sa hannu, magatakarda ya sa, babban mai gadi ya sa. Daga get ban tsaya ko'ina ba sai Sabon Gari, na mayar wa dila kayansa, domin shi ne nauyin da ya fi hana ni barci. Mutumin ya ba ni kaya ba tare da ko sisi ba, kuma bai taɓa aiko mini da yaro ba duk tsawon rikicin.

Da aka sake buɗe otal ɗin a ƙarƙashin risiba manaja, wata iska ta farkon damina ta karkatar da kwanuka biyu, tashoshin Hausa da na ƙwallo suka ɗauke. Suka neme ni. Na tambayi Barista ko in ƙi zuwa sai an biya ni tsohon bashi. Ya ce ƙin zuwa ba zai matsar da ni gaba a layi ba, wani za su kira. Amma in sani cewa sabon aiki hukuncinsa daban. Kwangilar da risiba ya ƙulla da kansa, doka ta ɗora masa alhakinta a wuyansa, kuma tana cikin kuɗin gudanarwa da ake fitarwa tun kafin rabon masu bashi. Ya ce in tabbata takardar ba da aikin ta fito da sa hannunsa, kuma tana ɗauke da rubutun nan da ke nuna kamfani yana hannun risiba. Haka aka yi. Na hau na daidaita kwanukan, na ƙara musu ƙafafun ƙarfe, na canza LNB ɗaya da ruwa ya shiga. Kuɗin wannan aikin ya shigo asusuna ba tare da na bi sawu ba, daga kamfanin da har yanzu yake riƙe da rabin kuɗin aikina na farko. A takardar farashin wannan karon Barista ya sa mini jimlar da ke cewa duk kayan da na kawo nawa ne har sai an cika kuɗinsu, kuma tun daga lokacin ba na fitar da takarda ba ita. Na kuma kai ta taron ƙungiyarmu ta masu dish, wasu suka kwafa.

Tsohon bashin yana nan a fayil. Doka ta wajabta wa risiba ya riƙa kai wa CAC lissafin abin da ya shiga hannunsa da abin da ya fita lokaci-lokaci, kuma Barista ya nemi ya gani. Abin da ya fahimta shi ne bashin banki da ruwan da ya hau kansa sun kusa cinye duk abin da ake sa ran samu in an sayar da ginin. Ya ce ina da damar kai kamfanin ƙara in sami hukunci, ko in haɗu da sauran masu bi mu nemi kotu ta rushe shi, amma ko na yi nasara matsayina a layi ba zai canza ba, ga kuɗin shari'a daga aljihuna. Na zaɓi in bar takardata a wurinsu in jira a sayar. Ma'aikatan da suka shigar da sunayensu an biya su wani ɓangare na albashin da suke bi, an kuma mayar da wasu bakin aiki, har da Baba maigadi. Mai sanyi yana sahu ɗaya da ni, shi ma sabon aiki yake yi musu ana biyansa, tsohon yana jira.